Motocin Formula 1 na 2026: abin da aka canza, da abin da gwaji ba ya faɗa

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni asalina ɗan kallon ƙwallo ne, bara na fara bin Formula 1 saboda Hamilton ya koma Ferrari. Kwanakin nan kullum sai na ga hotunan sababbin motoci a waya, ana ta cewa an canza komai, ni kuwa in ban da fenti ban ga abin da ya raba su da na bara ba. Sannan a majalisarmu wani ya ce Hamilton ne ya fi kowa gudu a gwajin Basalona, wai don haka kofin bana na Ferrari ne. Don Allah mene ne ainihin abin da aka canza, kuma maganar abokin nawa tana da tushe?"
Daga wani matashi a Gwammaja, Kano

Wa alaikumus salam ƙanena. Ina rubuta wannan amsa ne a farkon 2026, bayan gwajin Basalona, kafin na Baharen. Abu biyu ka tambaya: ina canjin yake tunda ido bai gan shi ba, sannan ko wanda ya fi gudu a gwaji shi ne zai ci kaka. Kafin in amsa, ka san da wa kake magana. Sana'ata gyaran mota ce, kuma a 'yan shekarun nan aikina ya fi karkata ga motocin da ke haɗa fetur da lantarki, irin su Prius da Camry, waɗanda akan kawo mini bayan an gaji da yawo da su gareji-gareji. Tseren kuwa tun zamanin da Schumacher ke Ferrari nake bin sa. Ban taɓa ɗora sifana a kan motar tsere ba. Abin da zan faɗa maka daga dokokin da hukumar FIA ta fitar ne, da tarihin wasan, da abin da inji ya koya mini da hannuna.

Idonka bai yaudare ka ba. Yawancin abin da ake nunawa a bikin ƙaddamar da mota ado ne domin masu tallafi da kuɗi. Kamar dokin hawan daushe ne: ka ga sirdi da labbati da dagumi, amma wannan ba ya gaya maka ko zai iya sukuwa. Red Bull ta yi nata bikin a Detroit ta Amurka a tsakiyar Janairu, saboda sabon ƙawancenta da Ford, kuma fenti ta nuna. Wasu ƙungiyoyin hoton kwamfuta suke saki, su ɓoye wuraren da ba sa so abokan hamayya su leƙa. A 2022 Mercedes ta je gwajin Basalona da mota mai cikakkun haƙarƙari, da aka koma Baharen sai ta fito da wata wadda aka kusa shafe mata gefuna gaba ɗaya. Duniya ta ɗauka an gama da kowa. Ƙarshenta dabarar ba ta yi ba, suka watsar da ita a Monako a 2023.

Jikin motar

Bana ba gyaran fuska aka yi ba. An sake dokar jiki da dokar inji a lokaci guda, abin da ba kasafai ake yi ba. Motar ta ragu: faɗinta ya dawo milimita 1,900 daga 2,000, tazarar tayoyin gaba da na baya ta dawo 3,400 daga 3,600, mafi ƙarancin nauyinta da direba a ciki ya dawo kilo 768 daga 800 na bara. Tayoyin suna nan a inci 18, amma an rage faɗin na gaba da milimita 25, na baya da 30. A hoton waya ba za ka ga wannan ba. Nauyin nan kuma shi ne ciwon kan farko na injiniyoyi, domin an ce mota ta rame alhali kayan lantarkin cikinta sun ƙaru. Wanda ya kasa saukowa 768 zai riƙa ɗaukar kayan banza yana zagayawa da su.

Daga 2022 zuwa 2025 motocin suna samun yawancin riƙon ƙasa ne daga wasu ramuka da aka sassaƙa a ƙarƙashinsu, iska ta bi ta ciki ta tsotso motar ƙasa. Shi ya jawo tsalle-tsallen nan da ya addabi direbobi a 2022, har ka ga Hamilton ya fito daga mota a Baku yana dafe da baya. Bana an mayar da ƙasan motar kusan shimfiɗaɗɗe, riƙon ya ragu, motar za ta fi zamewa a kwana.

Babban sabon abu a jiki shi ne fukafukan gaba da na baya yanzu suna motsi. A kwana suna tsaye, iska na danne motar don ta riƙe hanya. A miƙaƙƙiyar hanya sai su kwanta, iska ta wuce, motar ta daina fama da ita. Ka fitar da tafin hannunka ta tagar mota a titin Zariya, ka tsayar da shi sannan ka kwantar da shi, za ka ji bambancin a kafaɗarka. DRS ɗin da aka saba da shi tun 2011, wanda mai bin baya kaɗai ke buɗe fiffiken baya idan ya matso cikin daƙiƙa ɗaya, an yi sallama da shi. Yanzu kowa yana buɗewa a wuraren da aka ware, na gaba da na baya. Dalilin da ya sa aka yi haka kuwa yana cikin inji.

Inda maganar take

Injin fetur ɗin bai canza girma ba, lita 1.6 ne mai silinda shida da tobo, kamar yadda yake tun 2014. Rabon aiki ne ya canza. A da lantarki na ba da kilowat 120, kimanin ƙarfin doki 160, sauran duk fetur ne. Yanzu lantarki ya koma kilowat 350, wajen doki 470, shi kuma fetur an sauko da shi wajen kilowat 400. Ka ga kusan raba-daidai ke nan.

To ga inda gizo ke saƙar. Wutar da doka ta yarda a ɗiba daga batir kafin a sake cika shi megajul 4 ce, wato kilowat-awa ɗaya da ɗan ɗori. Batirin tsohuwar Prius da nake buɗewa a gareji wajen 1.3 yake, ka ga ba su da nisa. Ka raba megajul 4 da kilowat 350, za ka samu daƙiƙa goma sha ɗaya da 'yan kai. Idan direba ya danne totur ya saki wutar duka, cikin daƙiƙa goma sha ɗaya batir ya ƙare, motar ta rasa kusan rabin ƙarfinta a tsakiyar hanya. Shi ya sa dole a kwantar da fukafukai, don ƙarfin da ya rage ya iya tura motar. Shi ya sa kuma dole a riƙa cika batirin nan ana zubarwa sau da yawa a zagaye guda. Doka ta ba da damar tara wajen megajul 8.5 a kowane zagaye, alhali a da abin da ake tarawa daga birki 2 ne kacal.

Ta ina za a samo wannan wutar? Daga birki, kamar yadda Prius ke yi idan ka sassauto a danja. Amma ba kowace hanya ce ke da wurin birki mai yawa ba. Monako kwana ce a kan kwana, ba matsala. Monza ta Italiya da Jidda kuwa gudu ne zalla, birki kaɗan. A irin waɗannan wurare za ka ga direba ya ɗage ƙafa tun kafin ya isa kwana, ko ya sauko giya inda a da ba ya saukowa, ko kuma injin fetur ya koma yana aikin janareta yana cajin batir alhali ƙafar direba na ƙasa. Mai kallo zai ɗauka motar ta samu matsala, nan kuwa tanadi ake yi. Wucewa ma yanzu da wuta ake yin ta. Na gaba wutarsa na fara janyewa idan ya kai kilomita 290 a awa, mai bin sa cikin daƙiƙa ɗaya kuwa an yarda ya ci gaba da shan cikakken 350 har zuwa 337. Sai dai abin da ya kashe a nan sai ya biya a gaba, wanda ya wuce ɗin yana iya dawo masa a miƙe ta biyu.

Akwai kuma wata na'ura da aka cire, MGU-H, wadda ke maƙale da tobo tana samar da wuta daga hayaƙin salansa, tana kuma juya tobon kafin hayaƙi ya taru. Tana da tsada da wuyar ƙerawa, kuma cire ta na daga cikin abin da ya jawo hankalin sababbin kamfanoni irin su Audi. Amma duk wanda ya tuƙa mota mai tobo ya san jim ɗin nan da take yi idan ka taka totur kafin ta amsa. Na'urar nan ce ta kawar da shi shekara goma sha biyu. Yanzu ya dawo, kuma inda zan fi sa ido shi ne tashi daga layin farawa, lokacin da mota ke tsaye cak, tobo bai ɗauki juyi ba.

Bari in ba ka misali daga gareji. Wani bawan Allah ya kawo mini Prius a watan Afrilu, ya ce da safe lafiya lau, amma da rana idan zai hau gadar Ƙofar Nasarawa sai ta mutu masa a ƙafa kamar adaidaita sahu mai lodin siminti. An riga an sa ya sayi fulogi da famfon mai a Ƙofar Ruwa, ba canji. Da na buɗe bayan kujera sai na tarar fankar da ke sanyaya batir ta toshe da ƙurar hunturu. Batir ya yi zafi, kwamfutar motar ta janye wuta don kada ya lalace, ƙaramin injin fetur ya rage shi kaɗai. Ba a canza komai ba, wanke fanka kawai na yi. Motar tsere ba Prius ba ce, amma halin batir ɗaya ne: zafi ne maƙiyinsa, kuma wanda ake cikawa ana zubarwa da ƙarfin kilowat 350 zafi yake haifarwa mai yawa. Injiniyan iska yana so a tsuke jikin mota, injiniyan inji yana so a buɗe ƙofofin shan iska. Idan ka ga mota a gwaji an yanka mata ƙarin tagogi a baya, wannan gardamar ce ta fito fili.

Man ma an canza shi. Dole ya zama ba daga ɗanyen man ƙasa aka tace shi ba, sai daga shara, ko tsirran da ba abinci ba, ko iskar da aka kamo aka sarrafa. Kuma yanzu ba nauyin man da ke shiga inji ake ƙayyadewa ba, ƙarfin da ke cikinsa ne, megajul 3,000 a awa. Don haka Shell ta Ferrari da Petronas ta Mercedes da Aramco ta Aston Martin su ma suna cikin tseren, kodayake ba za ka gan su a kan hanya ba.

Akwai wata taƙaddama da ta ba ni dariya don irin ta gareji ce. Doka ta rage matsin silinda daga 18 zuwa 16, amma a farkon 2026 awon ana yin sa ne inji na sanyi. Rahotanni sun ce Mercedes ta samo yadda matsin zai ƙaru idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, har Ferrari da Honda da Audi suka nemi FIA ta yi bayani. Kowane yaron gareji ya san ba a saita bawul inji na zafi, domin ƙarfe yana miƙewa. Su kuma da wannan miƙewar ake zargin suna neman ƙarin doki.

Waye ke ina

Ƙungiyoyi sun zama 11, motoci 22. Cadillac ta Amurka ta shigo, da injin Ferrari a yanzu, ta ɗauko tsofaffin hannu biyu, Sergio Perez da Valtteri Bottas. Audi ta karɓe Sauber ta Siwizalan, tana ƙera injinta a Jamus, direbobinta Hulkenberg da Bortoleto. Red Bull a karon farko tana ƙera injinta da kanta da taimakon Ford, bayan ta sallami Christian Horner a Yulin 2025 ta ɗora Laurent Mekies, kuma Isack Hadjar ne sabon abokin Verstappen. Honda ta koma Aston Martin, inda Adrian Newey, wanda ya zana motocin da suka ci kofuna a Williams da McLaren da Red Bull, yake tun Maris 2025, aka kuma naɗa shi shugaban ƙungiyar daga farkon 2026. Renault ta daina ƙera inji, Alpine ta koma sayen na Mercedes.

Lissafin da ya fi mini muhimmanci a nan shi ne wannan: injin Mercedes yana cikin motoci takwas, nata da na McLaren da Williams da Alpine. Na Ferrari yana cikin shida, na Red Bull huɗu, Honda biyu, Audi biyu. A shekarar da inji yake sabo, duk zagayen da aka yi darasi ne. Makaniken da ke ganin mota iri ɗaya takwas a mako ya fi saurin gane ciwonta a kan wanda ke ganin biyu.

Kuɗi kuma yanzu ba ya sayen komai kamar da. Tun 2021 akwai iyakar abin da ƙungiya za ta kashe, aka fara da dala miliyan 145, bana 215 ne saboda an shigar da wasu abubuwan da a da ba a lissafa su. Lokacin amfani da ɗakin gwajin iska ma rabawa ake yi a juye: a rabin farko na 2026, McLaren da ta zo ta ɗaya a 2025 tana samun kashi 70 cikin ɗari, Alpine da ta zo ta ƙarshe 115. Kuma ba a yarda kowa ya fara gwada motar 2026 a ɗakin iska ba sai 1 ga Janairun 2025, don haka bara kowace ƙungiya sai da ta zaɓi ranar da za ta saki motar da take tsere da ita ta koma kan ta bana. Ferrari ta saki tata da wuri, tun wajen ƙarshen Afrilu, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ka sha takaici bara.

Maganar abokinka

Gwajin Basalona na 26 zuwa 30 ga Janairu a rufe aka yi shi, ba 'yan kallo ba 'yan jarida, kowace ƙungiya kwana uku daga cikin biyar. Lokutan da suka fito ba na hukuma ba ne. Ko da na hukuma ne, lokacin zagaye guda a gwaji ba ya faɗin abu huɗu: man da ke cikin tanki, irin tayar da aka sa, yadda aka saki inji, da sa'ar da aka yi zagayen. Kilo goma na mai kaɗai yana cin wajen kashi uku cikin goma na daƙiƙa a zagaye. Motar da ke ɗauke da kilo 60 da wadda ke ɗauke da 10 za su iya rabuwa da daƙiƙa ɗaya da rabi alhali ƙarfinsu ɗaya. Bana an ƙara na biyar: direba na iya shiga zagaye da batir cike ya zazzage shi duka, ya yi lokaci mai kyau wanda ba zai iya maimaitawa a zagaye na gaba ba. Ba wanda ke wajen garejin ƙungiya da ya san waɗannan, har da masu sharhin talabijin, har da ni.

Ferrari ma tana da tarihi a wannan. A 2019 Vettel ne ya fi kowa gudu a gwajin Basalona, kowa ya ce shekararsu ce. Da aka je Melbon Bottas ya ci da Mercedes, Vettel ya zo na huɗu da tazarar kusan minti guda. Amma kada in yi wa gwaji rashin adalci, wani lokacin yana faɗin gaskiya. A 2009 Brawn, ƙungiyar da aka ceto daga ragowar Honda, ta zo gwaji a makare ta fi kowa gudu, aka ce tanki ne babu mai don a jawo masu tallafi. Jenson Button ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farko, ya ɗauki kofi. Wanda ya fi kama da bana kuwa shi ne 2014, shekarar da aka kawo injin tobo da lantarki. Red Bull, mai kofi huɗu a jere, ta yi zagaye 21 kacal cikin kwana huɗu a gwajin Jerez saboda injin Renault ya ƙi zama lafiya, motocin da ke da injin Mercedes kuwa suna ta zagayawa. Mercedes ta ci 16 daga cikin 19 a shekarar, ta riƙe kofin ƙungiyoyi takwas a jere. Abin da ya tona asiri a Jerez yawan zagaye ne, ba gudu ba.

Haka nake yi a aikina. Idan na sauke inji na mayar, ba na yarda da zagayen layi. Sai na hau titin Zariya na wuce Na'ibawa, na dawo na shiga cunkoson Bata da rana tsaka, in ga ko allurar zafi za ta motsa. To kai ma a gwajin Baharen, na 11 zuwa 13 da na 18 zuwa 20 ga Fabrairu, ka bar saman jadawali ka duba wa ya yi zagaye da yawa, wa ya yi doguwar tafiya irin ta tsere lokutansa ba su zube ba, wa ya yini a gareji an ja labule. Baharen ta fi Basalona amfani don akwai ɗumi, sanyin Janairu na Sifaniya yana rufa wa mai matsalar zafi asiri. Idan ka ga an shafa wa mota koren fenti mai malala, ko an ɗaura mata wani abu kamar ragar gasa tsire, awon iska ake yi don a ga ko hanya ta yarda da abin da kwamfuta ta faɗa. Da ma'aunin yawan zagaye, wanda ya kamata ya damu bayan Basalona shi ne mai goyon bayan Williams, da ba ta je ba sam, da na Aston Martin, da ta iso ana shirin tashi.

Ferrari fa? Rabonta da kofin direbobi tun 2007 da Raikkonen, na ƙungiyoyi tun 2008. Bara ta zo ta huɗu, Hamilton mai kofi bakwai ya gama shekara ba tare da ya hau mumbarin ukun farko a babban tsere ba, karo na farko a rayuwarsa, sai gajeren tseren Sin da ya ci. Norris na McLaren ya ɗauki kofi da maki biyu a kan Verstappen. A ganina sabuwar dokar tana iya yi wa Hamilton daɗi, domin bai taɓa jituwa da motocin 2022 zuwa 2025 ba, kuma tanadin taya da mai abu ne da ya daɗe da ƙwarewa a kai. Ferrari tana da injinta, ta fara aiki da wuri, motarta ta zagaya a Basalona. Wannan ya isa ka sa rai. Bai isa ka yi alkawarin sayen shayi da ƙwai ga majalisa ba. Idan aka matsa mini in zaɓa yau, zan karkata ga masu injin Mercedes, saboda lissafin motoci takwas ɗin nan da kuma abin da suka yi a 2014, kuma zan iya yin kuskure. Ko wanda ya fara a gaba ma ba lallai ya gama a gaba ba, don a shekarar sabuwar doka mota tana canzawa wata-wata. McLaren ta fara 2023 a can baya, kafin tsakiyar shekara tana hawa mumbari.

Tseren farko a Melbon ne ranar 8 ga Maris 2026, ƙarfe biyar na asuba agogon Najeriya, cikin azumi in Allah ya kai mu, daidai lokacin sahur. Ranar Asabar, a zagayen neman gurbi, kowa zai zubar da mai ya saki inji, a nan za ka fara ganin tazarar gaskiya. Ranar Lahadi kuma ka kalli daƙiƙa biyar na farko bayan fitilu sun mutu, ka ga wa tobonsa ya amsa wa ya tsaya jim, sannan ka lura da ƙarshen doguwar miƙe, ka ga motar wa ke rage gudu tun kafin a taka birki.